Shuɗi Da Abokan Zamansa A Cikin Ɗaki

Shekara uku ke nan da aka yi auren wani ƙanenmu a Damagaram. Saura kwana goma sha biyu a kawo amarya sai maganar fentin ɗaki ta taso. Shi ango tun yana yaro ba shi da launi sai shuɗi, saboda haka bai yi shawara da kowa ba ya nufi kasuwa, ya shiga wani kanti, aka miƙo masa takardar nan mai ƴan gutsattsarin launuka, ya ɗora yatsa a kan wani shuɗi mai duhu wanda ya yi masa kyau a ƙarƙashin fitilar kantin. Fentin mai ne. Aka shafe bango huɗu da shi tun daga daɓe har rufi, aka haɗa da ƙofa da taga. Tagar kuwa ɗaya ce tak, ƴar ƙarama, tana duban katangar maƙwabta. Da ya bushe muka shiga da tsakar rana, sai muka ga ɗaki kamar almuru ta yi. Kowa ya ga abin da idonsa, amma ba wanda ya ce uffan, tunda an riga an kashe kuɗi.

Ranar jere dangin amarya suka iso da kayansu: labule kore shar, kujeru ruwan hanta, ledar ƙasa mai furanni ruwan ɗorawa, ga kwanoni da tasoshi suna ɗaukar ido. Kowane ɗaya in an gan shi shi kaɗai abin sha'awa ne, kuma iyayen yarinyar sun daɗe suna tara su da guminsu. Babbar gwaggonta ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi bango, ta dubi kayan, sannan ta juyo gare mu ta ce, "Ƴaƴan nan, ɗaki kuka ba ƴarmu ko karofi?" Aka yi dariya, amma dariyar iyakarta baki. Da aka jera kaya sai ɗakin ya ƙi karɓarsu. Koren labule ya shiga faɗa da bango, kujerun suka rikiɗe suka koma kamar baƙaƙe, ledar ƙasa kaɗai ke ta ihu a cikin duhu. Bayan biki da wata guda dole aka fitar da komai tsakar gida aka sake aiki, ga shi fentin ruwa ba ya kama jikin fentin mai sai an goge ƙyallinsa, an yi shafen fari, sannan a bi shi hannu biyu ko uku. Kuɗin da gyaran ya ci sun isa su sayi hatsin da ma'auratan za su yi watanni suna ci.

Mun kawo wannan labari ne domin mun san ba a gidanmu kaɗai ya taɓa faruwa ba. Shuɗi launi ne da jama'armu ke ƙauna, kuma ya cancanci a ƙaunace shi, sai dai yana da zaɓen abokin zama, yana kuma da sharuɗɗa game da haske da yawa. Wanda ya san waɗannan zai ƙawata ɗakinsa da kuɗi kaɗan.

Abin da kakanni suka bari

Ba baƙo ba ne shuɗi a ƙasar Hausa. Har gobe idan ana nufin mawadata sai a ce masu hannu da shuni, domin a da wanda ke sa tufafin da aka rina da baba har launin ya kama masa yatsu, to ba ƙaramin mutum ba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 bayan ya ratsa ta Agadas, ya kuma rubuta yadda rinannun tufafin Kano ke ƙetare Sahara har Gat da Murzuk da Tarabulus, wasu kuma su yi yamma har Tambutu. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda ake bugawa a mabuga har su yi ƙyalli, su ne adon Buzaye a Azbin. Sai a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, daga nan baban gona ya soma ja da baya a kasuwannin duniya.

Mutanen da suka yi ƙarnuka suna zama da launi guda ba za su rasa sanin abin da ya dace da shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar rigar saƙi a wurin wani dattijo ko a ranar hawan salla, to ya ga darasin gaba ɗayansa. Jikin rigar shuɗi ne mai duhu da ƴan ɗigo-ɗigon fari kamar gashin zabo. A wuya da aljihu ga aiki, aska biyu ko aska takwas, da farin zare ko da zaren tsamiya mai launin ƙasa-ƙasa. Daga ciki kuma, a bakin rigar, akwai shafi na jan alharini, wanda ba a ganinsa sai mai rigar ya naɗe hannu a kafaɗa ko ya ɗaga ƙafa zai hau doki. Launi uku ke nan, kuma ba a raba su daidai ba: ɗaya ya mamaye, ɗaya ya taimaka, na ukun leƙowa kawai yake yi. Masu sana'ar adon gida a Turai suna da wani ƙiyasi da suke koya wa almajiransu, wai kashi 60 na babban launi, kashi 30 na mataimaki, kashi 10 na mai ɗaukar ido. Maɗinkan Kano da Zariya da Bida ba su lissafa ba, amma abin da suka ɗinka ke nan.

Sai dai a kula da wani bambanci. Riga a fili ake sa ta, rana na dukanta ta kowane gefe, shi ya sa duhun saƙi ke yin kwarjini. Ɗaki kuwa rufaffen wuri ne, hasken da ya samu ta taga sai bango ya mayar da shi kafin ya kai lungu. Farin bango yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, shuɗi mai duhu kuma shanye mafi yawansa yake yi. Saboda haka in za a shigo da darasin riga cikin ɗaki sai a juya ta: launi mai haske ya ɗauki kaso mafi girma, shuɗi ya zama na biyu, ja ko rawaya su leƙo. Wannan shi ne abin da ƙanenmu ya kuskure, ya sa wa ɗaki riga ba tare da ya ba shi rana ba.

Yadda ido ke yi da launi biyu

Akwai wani gwaji da kowa zai iya yi a gida, yara ma za su ji daɗinsa. A shimfiɗa ƙyalle shuɗi mai ƙarfi a wuri mai haske, a ƙura masa ido kamar rabin minti ba tare da kauda kai ba, sannan a mayar da ido kan farin bango ko farar takarda. Za a ga inuwar ƙyallen ta bayyana da launi tsakanin rawaya da ruwan goro. Ido ne ya gaji da shuɗi, ya fitar da kishiyarsa. Wani masanin haɗa magunguna ɗan Faransa mai suna Chevreul, wanda aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris a 1824, ya yi ta samun ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya yin baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa lau, abin da ke rage masa ƙarfi shi ne zama kusa da shuɗi da shunayya a jikin saƙar. A 1839 ya fitar da littafi a kan haka, inda ya nuna cewa kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa.

Ma'anar wannan a ɗakunanmu ita ce, duk abin da aka ajiye kusa da shuɗi zai ɗan karkata zuwa rawaya ko ruwan goro a ido. Abin da dama can yake da wannan launi, kamar katako da tabarma da tagulla da jar ƙasa, sai ya ƙara armashi, shi ma shuɗin ya ƙara fitowa. Abin da ba ya son wannan karkata, kamar baƙi, sai ya yi kamar ya koɗe.

Kuma shuɗi ba ɗaya ba ne. Akwai mai haske irin na ruwan bula, akwai matsakaici mai ƙarfi, akwai mai duhu irin na turkuɗi wanda kakanninmu kan kira baƙi kai tsaye. Wani yana karkata wajen kore, wani wajen shunayya. Kafin mutum ya tambayi abin da ya dace da shuɗi, ya fara sanin wane shuɗi ne a hannunsa.

Fari shi ne abokin da ba a taɓa jin kansu ba. A garin Sidi Bu Sa'id da ke gaɓar teku kusa da birnin Tunis, wanda wata doka ta 1915 ta kare fasalinsa, bangaye farare ne fat, shuɗi kuwa a ƙofofi da tagogi da ƙarafunansu kawai yake. Mutane kan ce garin shuɗi ne, alhali in an auna, shuɗin bai kai ko kusa da farin ba. Haka luru, bargon nan namu mai ratsin fari da shuɗi, bai taɓa tsufa a ido ba. Amma fari ma iri-iri ne. Fari tas mai ƙyalli in ya haɗu da shuɗi mai haske a ƙarƙashin farar fitila, ɗaki kan koma kamar ɗakin likita, a ji shi ba daɗi ko da an share shi ƙal. Mu dai mun fi karkata ga fari mai ɗan ruwan madara, wanda ke sassauta sanyin shuɗi, kuma ba ya tona asirin ƙura da wuri.

Abokin da muka fi so a yi wa adalci shi ne launin ƙasarmu. Jar ƙasa, ruwan makuba, launin rairayi, launin kaba da ta bushe, duk dangin ruwan goro ne da aka kwantar musu da murya, wato kishiyar shuɗi ce amma mai ladabi. Wanda ya taɓa tsayawa a unguwar Birni ta Damagaram da hantsi, ko a tsohon garin Agadas wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ya ga jan bango ya tokari shuɗin sama, ya san abin da muke nufi. Babu mai fentin da ya haɗa wannan, kuma babu wanda ya taɓa cewa bai dace ba. Abin takaici, da yawa daga cikinmu da zarar sun sami ɗakin siminti sai su kori duk abin da ke tuna musu da ɗakin ƙasa, su cika shi da roba da ƙarfe mai walƙiya. Alhali tabarmar kaba a gaban shuɗin bango, faifai biyu ko uku a rataye, ƙwarya mai zane, tasar tagulla da aka goge da toka da lemun tsami, kujerar katako wadda ba a shafa mata fenti ba, waɗannan sun fi duk wani abin kanti yi wa shuɗi kyau. Ga kuma matashin fata. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta, dukawanmu kuma tun tuni suke rina fata ja da karan dafi. Matashi biyu na jar fata a kan shimfiɗa shuɗiya sun yi wa ɗaki abin da shafin alharini ke yi wa rigar saƙi.

Rawaya da ruwan goro, da maganar dalma

Rawaya mai ƙarfi da ruwan goro su ne suka fi kowane launi tayar da shuɗi. Yawancin masu waya sun taɓa ganin hotunan lambun Majorelle na Marrakesh a Maroko, inda mai zanen nan Bafaranshe Jacques Majorelle ya shafe gidansa da wani shuɗi mai tsananin ƙarfi a 1937, ga tukwanen furanni rawaya a gabansa. Abin yana da kyau ƙwarai, amma a tuna lambu ne, a fili, cikin rana da ganyaye. Wanda ya kwafo wannan haɗi ya zuba a ɗakin kwana mai mita huɗu, bango shuɗi bango rawaya, zai ji daɗinsa mako guda, daga nan idonsa ya fara neman wurin hutawa ya rasa. Waɗannan launuka kamar barkono suke a miya.

Akwai kuma dalili mafi nauyi da ya sa muke roƙon iyaye su yi hattara da su a jikin bango. Shekaru da yawa masana'antun fenti suna amfani da sinadaran dalma wajen fitar da rawaya da ruwan goro da ja a fentin mai, wasu kuma suna zuba dalma domin fenti ya yi saurin bushewa, kowane launi ne. Yayin da fentin ya tsufa ya fara ɓarɓashi, sai ya zama ƙura a daɓe da bakin taga, yaro mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Ba mu manta da abin da ya auku a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Waccan daga duwatsun zinariya da ake daka a gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Ma'aunin da ƙasashe da dama suka ɗauka shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti, Kamaru ma ta kafa wannan doka a 2017. Sai dai doka a takarda daban, gwangwanin da ke kan kanta daban.

A nan dole mu faɗi laifinmu. Ranar da muka kankare shuɗin ɗakin ƙanenmu, a bushe muka goge shi, ƙura na tashi, ƙofa a buɗe, yaran gida na wasa a tsakar gida, gwangwanin kuma babu wani rubutu a jikinsa da ya nuna abin da ke ciki. Daga baya ne wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya ja mana kunne. Wanda zai goge tsohon fentin mai ya jiƙa bangon tukuna, ya rufe hanci da baki, ya nesanta yara da masu juna biyu, ya kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Wanda zai saya ya duba ko an rubuta babu dalma a jikin gwangwani, da Faransanci ko da Ingilishi, kuma ya fifita fentin ruwa, wanda masu aikin ke kira fom, domin shi ba a cika samun dalma mai yawa a cikinsa ba. Rawaya da jan da ɗaki ke buƙata kuwa, a shigo da su ta hanyar yadi da fata da tagulla. Ya fi arha, ya fi aminci, kuma ranar da aka gaji da su sai a naɗe.

Sauran launuka ba sai mun tsawaita ba. Kore da shuɗi dangin juna ne, suna zama lafiya in ɗaya ya yi haske ɗaya ya yi duhu, ko in koren na ganye ne, amma in dukansu masu ƙarfi ne kuma girmansu ɗaya, to rigima ce. Ruwan hoda mai laushi yana yi wa shuɗi mai duhu kyau fiye da yadda maza ke zato. Ruwan toka yana tafiya da shuɗi, sai dai haɗin yana da sanyi, yana neman katako ko tabarma a kusa. Ruwan hanta da baƙi, waɗanda su ne launin kujeru da gadajen da suka cika kasuwa, ba sa jure shuɗi mai duhu a bayansu, sai mai haske. Azurfa kuwa Buzaye sun daɗe da nuna mana yadda take haskawa a kan turkuɗi.

Rana da ƙura

Shawarwarin da ake karantawa a mujallun Faransa sukan ce ɗakin da tagarsa ke duban arewa ba ya samun rana, na kudu kuma yana samu. Wannan gaskiya ne a can. Mu kuwa Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suna tsakanin digiri 13 da 14 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana, sauran watanni kuma ta kudu. Abin da ya fi damunmu shi ne gabas da yamma, da kuma girman taga. Ɗakin da ke duban yamma yana shan ranar la'asar mai zafi da ja-ja, shi ne ya fi kowane ɗaki karɓar shuɗi, domin yana kwantar da wannan haske a ido. Mu ce a ido, saboda fentin cikin ɗaki ba ya rage zafi ko da digiri ɗaya, haka nan maganar da ake yi cewa shuɗi yana korar sauro kada ta sa kowa ya naɗe gidan sauronsa. Ta gabas kuma magina sukan ƙanƙanta taga ko su hana ta gaba ɗaya saboda ruwan damina da iskarsa ta can suke bugowa, don haka irin waɗannan ɗakuna duhu gare su, ba sa ɗaukar abin da ya wuce ruwan bula. Bangon gabas ɗin nan kuma shi ne wanda mai ɗaki ke fuskanta in ta shimfiɗa darduma, ya kyautu a bar shi da launi guda mai natsuwa, a kai tarkacen ado wani bangon.

Da dare kuma ƙwan lantarki ne ke mulki. A jikin kwalin ampul akwai lamba da harafin K a gabanta. Mai 2700 ko 3000 haskensa ruwan zuma ne, mai 6500 fari ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, shi ne kuma aka fi cin karo da shi a kasuwanninmu da jikin fitilun hasken rana. A ƙarƙashin na farkon shuɗi yakan lafa ya ɗan yi toka-toka, katako da fata su yi kyau. A ƙarƙashin na biyun shuɗi yakan yi tsauri, fuskokin mutane su yi fari-fari kamar marasa lafiya. Sau da yawa ɗakin da ake shirin sake wa fenti, ampul kawai yake so a sake masa.

Sai ƙura, wadda ba mai adon da zai yi banza da ita a ƙasarmu. Hazon hunturu, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, fari-fari ne, a kan shuɗi mai duhu yake fara bayyana, musamman mai ƙyalli. Jar ƙurar hanya da hannun yara kuma farin bango suke ci. Dabarar da muka saba gani a lakwal da gidan likita, ta raba bango biyu, ba don ado kawai aka yi ta ba. Daga daɓe zuwa mita ɗaya ko ɗaya da ƴan kai a sa shuɗi matsakaici da fenti mai wankuwa, daga nan zuwa sama a sa ruwan madara, rufi kuma fari. Ƙasa ta ɗauki datti, sama ta raba haske. In ana gudun kada falo ya yi kama da aji, sai a zaɓi shuɗi mai ɗan toka-toka, a kuma ja siririn layi ruwan makuba a mahaɗarsu.

Masu ɗakin ƙasa su ma ba a bar su a baya ba, hasali ma tasu dabarar ta fi tsufa. Fentin mai ba ya shiri da bangon ƙasa, yana toshe shi, danshi ya taru a baya, ya kumbura ya ɓare. Farar ƙasa da aka ɗiga wa bula, irin wadda iyayenmu mata ke yi wa ɗaki gab da salla, tana ba da shuɗi mai taushi wanda fentin kanti bai cika kamo shi ba, tana barin bango ya sha iska, kuma sabunta ta ba ya cin kuɗi. Sabon shafen siminti kuwa a ba shi kamar mako huɗu ya bushe kafin a kai masa fenti, domin kaifinsa yana cin wasu launukan, akwai irin shuɗin da yake mayarwa ruwan ƙasa.

Kafin a buɗe gwangwani

Launi a ƴar takardar kanti daban yake da launi a bango. In ya bazu a wuri mai faɗi yakan fi ƙarfi, kuma bango huɗu suna jefa wa juna shi. Wanda ya ga shuɗin da ya kwanta masa a rai, ya ɗauki wanda ya fi shi haske da mataki ɗaya. Ya sayi kaɗan, ya shafa kamar faɗin tabarmar salla a bangon da ke duban taga da kuma wanda tagar ke jikinsa, ya bari ya bushe, ya dube shi da safe da azahar da la'asar da dare, yana kara ƙyallen labule da na kujera a jikinsa. Gani ya kori ji. In mai fenti zai haɗa launin da hannu, wato ya zuba ruwan launi cikin farin fenti, a sa shi ya haɗa na ɗakin duka a mazubi ɗaya, domin ba a taɓa haɗa shuɗi iri ɗaya sau biyu. Lissafin ba wuya: ɗaki mai mita 4 da 4 da tsayin mita 3 bangayensa murabba'in mita 48 ne kafin a cire ƙofa da taga, lita ɗaya kuma takan shafe tsakanin 8 da 12 a hannu guda in bangon sumul yake, sabon shafe ya fi haka sha. A rage kaɗan a kwalba mai murfi saboda gyaran gaba.

Wanda ke gidan haya, ko wanda aljihunsa bai kai ga fenti ba, bai rasa komai ba. Farin bango da labule shuɗi da zanen gado mai ratsi da tabarma sun gama aikin.

Saura magana ɗaya da ta shafi ɗakin amarya, ita ce kuma ta fi sauƙi ta fi wuya. A al'adarmu ango ne da gini da fenti, iyayen amarya ne da kayan ɗaki, kuma kunya ba ta barin ango ya tambayi surukansa launin kujerun da suka saya. Ba sai ya tambaya da bakinsa ba. Ƙanwarsa ko gwaggonsa ta je ta gaida uwar amarya, ta gano kayan, in da hali ta karɓo ƴan ƙyallaye ko ta ɗauko hoto a waya. Su sun riga sun saya tun da daɗewa, kuma kujera ta fi gwangwanin fenti tsada nesa ba kusa ba, saboda haka bango ne ya kamata ya bi kaya.

Ɗakin ƙanenmu yanzu samansa ruwan madara ne, gindin bango da ƙofa shuɗi matsakaici, an kuma faɗaɗa tagar. Kujerun nan ruwan hanta sun dawo da launinsu. Koren labulen an mayar da shi ƙofar uwar ɗaki inda ba ya haɗa kafaɗa da shuɗin, a tagar falo an sa fari mai ratsin shuɗi, ledar mai furanni kuma an rufe tsakiyarta da tabarma. Ranar sunan ɗansu na fari gwaggon nan ta zo, ta zauna a kan kujera ta daɗe tana duban bango, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Da za ta tafi sai ta kira mai gidan gefe ta ce, "Ɗan nan, in da ragowar shuɗin nan a zuba mini a kwalba, ƙofar ɗakina ta koɗe."